Hular da Kawu Yake Auna Numfashin Mota da Ita

Kawu ya rasu wata Laraba da hantsi. Mai shi Ya karɓi abinsa, mu ma muna kan layi. Amma kafin rana ta faɗi na ji ƙaryar da za ta ishe ni har in bi shi. Ku lura, ni ɗan kamasho ne a tasha. Ni ne nake rantse wa fasinja cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali direban ma bai karya kumallo ba. To ko ni sai da kunya ta kama ni a kan tabarmar makokin nan.

Direbobi ne suka cika ƙofar gida. Wannan ya ce ba a taɓa bakanike irin marigayi ba daga nan har Minna. Wancan ya ce wace Minna, har Ikko. Wani Alhaji mai tifofi, wanda da kunnena na ji ya kira Kawu tsohon yayi, ya zaro hankici mai turare yana matsar idon da ko albasa ba ta isa ta sa shi hawaye ba. Motocinsu kuwa suna jere a bakin titi, an bar su a kunne don rabinsu in an kashe sai da turi, kowace tana tusar baƙin hayaƙi zuwa cikin rumfa. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, tari ya sarƙe shi. Muka shafa, muka duba tafin hannu, baƙi ƙirin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da baƙin hayaƙi, da shi aka zo yi masa gaisuwa.

Mutum ɗaya na gani yana kukan gaske. Wani direban tifa ne, Kirista, mutumin kudancin Zariya. Ya zauna can gefen tabarma, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba in ana addu'a. Shi kaɗai ya kashe motarsa. Da na matsa kusa da shi sai ya ce, "Baba ya tafi. Yanzu wa zai ji motana?"

A cikin gida kuma innata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, ta ɗauko hularsa da tsinken kara, tana kau da fuska kamar ta ɗauko mushen ɓera.

"Ungo, kai ta bola. Ka je da nisa, kada awaki su ci su mutu."

Na karɓa, na naɗe ta a takardar siminti, na cusa a aljihu. Ban kai ta bola ba. Dalilina kuwa shi ne dalilin wannan rubutu. A ranar na san garejin Kawu da ke gindin mangwaro zai zama na babban ɗansa, taubashina, kuma a lokacin taubashin nan nawa shi ne sarkin masu aikin da Kawu ya fi ƙyama a duniya. Na ce a raina in ya ci gaba a haka, to ba gawa kaɗai muka binne ranar Laraba ba, har da hanyar aikin Kawu gaba ɗaya.

Bari in fara da hular. An ce fara ce. Ni ban riski wannan zamani ba. A sanina, hula ce da in ka ajiye ta take tsayawa da kanta, in ka matse ta za ka yi wa babur juyen baƙin mai, ƙuda kuma in ya sauka a kanta sai dai 'yan'uwansa su zo ɗaukar sa. Da ita yake goge hannu, da ita yake kama ƙarfe mai zafi, da ita yake zuwa ɗaurin aure. Ba hular kaɗai ba. Kawu yana dangwalar baƙin mai da yatsa ya ɗanɗana, ya ce akwai gas a ciki, sannan ya mayar da yatsan cikin kwanon tuwo. Na taɓa cin abinci tare da shi sau ɗaya, na yini ina gyatsar gareji. Allah Ya gafarta masa, ƙazami ne na bugawa a jarida. Amma bai taɓa barin ƙwayar ƙasa ta shiga cikin inji ba.

Shekarun nan da aka ɗauke mana sunan gari aka ba daji, aka ce mu yanzu Suleja ne, su ne shekarun da manyan motoci suka cika mu. Tifofi da tireloli masu kai tsakuwa da siminti inda za a gina sabon birni. Waɗannan ba irin tsofaffin motocin katako ba ne da Kawu ya tsufa a ƙarƙashinsu. Suna da wani abu da ake kira turbo, mai kama da dodon koɗi, hayaƙin salansa ne ke juya fankar cikinsa, shi kuma yana cusa wa inji iska da ƙarfi. In lafiya ƙalau, za ka ji mota tana fito tana hawa tudu da lodi kamar ba ta ɗauki komai ba. Amma titunanmu jar ƙasa ce da katafila ta tone. Ba a jima ba sai ga su suna rarrafe, suna baƙin hayaƙi, direba ya taka totur har ƙasa mota tana nishi kamar mai naƙuda.

Nan direbobi suka gano maganinsu. A jikin famfon da ke ba inji gas akwai wani sukuru da aka ɗaure da waya da ɗan darma tun daga inda aka ƙera motar, don kada a taɓa. Sai a tsinke darmar, a murɗa sukurun, gas ya ƙaru. Shi ake kira buɗe famfo. Mota takan ɗan zabura na wani lokaci, hayaƙi kuwa ya ninka. Abin takaicin, hayaƙin ya zama ado. Direba ya shigo gari ya rufe rana, mai ƙosai ta rufe kaskonta, shi kuwa yana leƙowa ta taga yana murmushi wai motarsa namiji ce.

Kawu in ya ga haka sai ya tofar da yawu. "Dubi jaki. An shaƙe wa mutum wuya, shi kuma yana ɗura masa tuwo."

Wannan ita ce maganarsa, kullum. Baƙin hayaƙi, in ji shi, gas ne da bai sami iskar da zai ƙone da ita ba. Shuɗi baƙin mai ne ake ƙonawa, fari kuma a nemi ruwa. Amma baƙi, a fara tambayar numfashi. In aka kawo masa mota ba ya ko kallon famfo. Sai ya ce a tayar, ya hau taya, ya cire hular nan ya ɗora a bakin bututun da mota ke shaƙar iska, inda akwai raga. Ya ce a ba ta wuta. In mota ta cafke hular ta riƙe gam, to hancinta a buɗe yake. In hula ta zame ta faɗo ƙasa, sai ya sauko yana tsaki ya ce a buɗe gwangwanin filta. In filta lafiya, ya bi tiyon da ya taso daga turbo zuwa inji, yana shafawa yana kasa kunne, ko akwai inda iska ke tserewa. Daga nan ya jira ƙarfe ya huce, ya sa yatsa ya juya fankar turbo, ya girgiza ta ya ji ko tana lilo. Sai salansa, ko ta toshe. Sai nozul masu fesa gas cikin inji. Famfo shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a kaiwa gare shi.

Direbobi ba sa son wannan. Yana cin lokaci, kuma ba ya ba su hayaƙi.

Direban nan Kirista, a haka suka haɗu. Sabon zuwa ne, bai san kowa ba, tifarsa ta ƙi hawa tudun hanyar Chaza, mai motar kuma ya ce shi ya kashe inji, in bai gyara ba ya ajiye makulli. Ya kawo ta gareji. Kawu ya ɗora hula, mota ta riƙe. Ya bi tiyo da kunne, bai ji komai ba saboda ƙarar inji. Sai ya kwanta, ya kai gemunsa kusa da tiyon yana bi a hankali, kamar mai shinshinar nama. Can sai muka ga gemu ya tashi yana kaɗawa. Tsaguwa ce a ƙarƙashi, inda ido ba ya gani. Ya yanko tsohon tub na taya ya naɗe, ya ɗaure da waya, ya ce wannan zai kai shi Kaduna ya sayo sabo. Ya kuma ce masa, "In ka je, ka haɗo da filta guda ka ajiye bayan kujera. Kada ka yarda ka yi tafiya babu ita." Sannan ya tura masa kwanon tuwonsa, da hannun nan dai. Bawan Allah ya cinye tas. Na ce lallai yunwa ba ta da hanci.

Yanzu rigimar. Kun san babban ɗa, uba ba ya kiran sunansa, ba ya sakar masa fuska. Kawu ya kai wannan kunya inda ba a kai ta. "Wancan" yake ce masa. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a kan inji ɗaya, amma in zai ce a miƙo sifana sai ya nemo ni. Ni ne wayar tangarahonsu.

Wata rana aka kawo tifar Alhajin nan mai hankici. Hula ta faɗo. Aka buɗe gwangwani, sai ga filta ta zama kamar curin daddawar da aka tsoma a kwata, jiƙe sharkaf da baƙin mai, jar ƙasa ta kama ta ta daskare. Kawu ya riƙe ta da nisa.

"Tambayi wancan, wane mahaukaci ne ya yi wa takarda wanka da mai?"

Na juya ga taubashina. "Bawana, ana tambaya wane mahaukaci ne."

Taubashina ya ce, "Gaya wa Baba ni ne. Kuma shi ya koya mini. Tun ina yaro yake cewa a zuba mai a gwangwanin iska don ya kama ƙura."

Gaskiyarsa ce, ta wani ɓangaren. Tsofaffin motoci haka suke, akwai tasar mai a ƙasan gwangwanin, da ragar ƙarfe. Sababbin kuwa takarda ce busasshiya, mai ne ajalinta. Rabin makanikan garin nan sun yi wannan kuskure, kuma da kyakkyawar niyya, wai suna kula da mota.

Kawu ya ce, "Gaya masa na koya masa ya duba abin da ke gabansa kafin ya zuba."

Alhaji ya gaji. Ya ce shi ba shi da lokacin jiran filta daga Kaduna, lodi na jiran sa, a buɗe famfo kawai. Kawu ya ce ba a garejinsa ba. Alhaji ya ce tsohon yayi. Sai taubashina ya ɗauki filaya, a gaban ubansa, ya tsinke darmar. Ƙarar ba ta kai ta karya tsinke ba, amma kowa ya ji ta.

Kawu bai ce a gaya wa kowa komai ba. Ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya kaɗe, ya sa.

Bayan nan taubashina ya kafa tasa rumfar wajen Kurmin Sarki, kuma duk direbobin da kuka ji suna yabo a makoki can suka koma. Har wani zare ya rataya a bakin rumfar, yana jera darmomin da ya tsinke kamar carbi. Ni nakan je in zauna in ce masa, "Likitan makafi, yau mota nawa ka kashe?" Shi kuma ya ce ɗan tasha ba ya da bakin magana a gaban masu sana'a. Gindin mangwaro kuwa ya koma wurin barcin awaki. Kawu yana zaune a kan tsohuwar taya, in tifa ta wuce tana hayaƙi ya bi ta da ido ya ce, "Aikin wancan ne. Na san murɗinsa." Wata rana, ba tare da na tambaya ba, ya ƙara da cewa, "Hannunsa ya fi nawa. Direbobi ne suka toshe masa kunne." Ya harare ni. "Wannan ba saƙo ba ne."

Ƙirji ne ya kayar da shi. Shekara da shekaru yana shaƙar abin da motoci ke fitarwa, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ranar da ciwon ya tsananta, dangi suka cika ɗakin nan kamar motar kasuwar Izom. An rufe taga wai kada iska ta buge shi. An kunna garwashi an zuba turare. Wannan gwaggo ta zo da kunu, waccan da fura, wata da jiƙo mai warin da zai ta da matacce, kowa tana cewa daure ka sha ka sami ƙarfi. Taubashina yana tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Kawu ya yafito ni da yatsa. Na kai kunne.

"Su ma famfo suke buɗe mini." Ya huta. "Gaya wa wancan ya buɗe taga."

Ban kai ga juyawa ba, wancan ya riga ya tashi. Tagar ta kumbura ta ƙi buɗuwa, ya sa kafaɗa ya ɓalle ta gaba ɗaya. Kawu ya ja iska, ya lumshe ido. Washegari ya cika.

Ranar sadakar bakwai, Alhaji mai hankici ya yi abin a yaba masa, ya aika tifarsa Izom ta ɗauko danginmu na can da doya da itace. Tifar nan ce dai ta ranar rigima. Tun safe ake jira, sai bayan azahar muka hango gari ya yi duhu ta yamma. Kaji suka fara neman wurin kwana. Daga baya wata da ke cikin motar ta rantse mana cewa a kan tudu wata tsohuwa Bagwariya da kayan itace a kafaɗa ta wuce su, ta yi musu sannu. Motar ta iso ƙofar gida ta tsaya tana huci. Tsofaffinmu suka sauko, fararen mayafai sun koma na masu sayar da gawayi, wainar sadaka da ke tire ta yi kwalli.

Direban Alhaji ya leƙo ya kira taubashina. "Oga, ƙara mata kaɗan mana. Wancan buɗin ya saki."

Direbobin kan tabarma, waɗanda bakinsu bai bushe daga yabon Kawu ba, suka ɗauka. A ƙara mata. Murɗi biyu ya isa. Alhaji ya ce a yi sauri, da yamma akwai lodi. Wani har ya miƙo sukundireba daga aljihun babbar riga. A ƙofar gidan mamacin, a ranar addu'arsa.

Taubashina ya tashi cikin fararen kayansa, ya karɓi sukundireba, ya je ya tsaya gaban famfo. Amma bai taɓa sukurun ba. Sai ya juyo, ba wurin direba ba, wurina.

"Kai ɗan tasha. Gwaggo ta ce ta ba ka hular ka yar."

"Ta ba ni."

"Na san ka. Ko ƙusa ka tsinta ba ka yarwa. Kawo."

Na zaro takardar simintin. Mutanen da ke kusa da ni suka ja da baya. Ya hau taya, ya ɗora hular a bakin bututu, ya ce a ba ta wuta. Mota ta yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe liman karo na biyu, hula ta zame ta faɗo ƙasa kamar busasshen ganye.

Ya buɗe gwangwani. Filtar nan ce ta ranar rigima, ba wanda ya taɓa canza ta. Ta ƙara ƙiba, ta yi gashi. Ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya ajiye ta a gaban tabarmar Alhaji, daf da ƙafarsa.

Alhaji ya ce, "To yanzu ina za a sami sabuwa?"

Direban nan Kirista ya miƙe. Ya tafi tifarsa, wadda irin wannan ce, ya ɗaga kujera, ya dawo da filta a cikin kwalinta. "Baba ya ce kada in yi tafiya babu shi."

Taubashina ya goge cikin gwangwanin da hannun rigarsa, ya sa sabuwar, ya bi tiyo da tafin hannu har turbo, ya ɗaure wani kilif mai riƙe tiyon da ya saki. Sannan ya koma kan famfo, ya mayar da sukurun baya, daidai murɗin da shi ya san ya yi. Ya ɗora hula. Aka ba ta wuta. Mota ta cafke hular ta riƙe kamar ta ga tsohon masoyi, turbo ya yi fito, hayaƙin salansa ya koma siriri har kana hango katangar maƙwabta ta cikinsa.

Direban Alhaji ya leƙa baya, ransa a ɓace. "Oga, ai yanzu ba wanda zai san na shigo gari."

"Ka yi hon," in ji taubashina.

Ya ɓamɓare hular daga raga, ya cire tasa sabuwa mai aiki ya miƙa mini, ya kifa ta Kawu a kansa. Baƙin mai ya gangaro masa ta bayan kunne zuwa wuyan farar riga. Innata ta leƙo daga zaure ta gani, ta riƙe baki, ta koma ciki. Ban sani ba ko kuka ta je yi ko amai.

Da muka koma tabarma na zauna kusa da shi, ta inda iska ba ta kaɗo mini warin.

"Bawana, akwai wata magana da aka ce ba saƙo ba ce."

"To riƙe abarka."

"Ai ka san ni, ba na iya riƙe komai sai kayan bola. Ya ce hannunka ya fi nasa."

Bai kalle ni ba. Ya jawo hular ya rufe idonsa da ita, ya daɗe a haka. Da ya ɗaga, fuskarsa duk ta yi baƙi, sai layi biyu masu tsabta daga ido zuwa gemu.

Bayan sadakar taubashina ya rushe rumfar Kurmin Sarki, ya dawo gindin mangwaro. Rabin direbobin sun gudu wurin wani sabon mai filaya, kuma na tabbata za su zo makokin taubashina su ce ba a taɓa irinsa ba. Allah Ya ba Kawu kabari mai faɗi da iska mai daɗi, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, har da tuwon nan da ya ciyar da ni. Hular tana nan a kan ɗansa. Har yau ba a wanke ta ba, kuma na daina cin abinci a gidansu.